Kotson Ɗanƙwairo da Jitar Yusuf Islam

Fiye da shekara talatin ke nan da rasuwar Alhaji Musa Ɗanƙwairo, amma har yau muryarsa ta fi ta mawaƙa da yawa masu rai tashi. Ana jin ta a wajen naɗin sarauta da hawan salla, ana jin ta a motocin haya tsakanin Gusau da Talata Mafara, ana kuma jin ta a wayoyin ɗaliban da ba a haife su ba sa'ad da aka kai shi makwancinsa a 1991. Saboda haka ba abin mamaki ba ne yadda tambaya guda take yawan maimaituwa a gidaje da makarantun Islamiyya: shin ya halatta Musulmi ya saurari wannan kiɗa? Uba yana so ya hana ɗansa, ga shi kuwa shi da kansa da zarar an ɗora kotso sai ka ga kansa yana kaɗawa. Ɗalibi ya ji malami ya ce haramun, ya je wani majalisi ya ji an ce da sauƙi, ya dawo gida bai san abin da zai riƙe ba.

Wannan shafi ba majalisar fatawa ba ne, kuma ba za mu yi shigar muftai ba. Abin da muke gani shi ne, mun daɗe muna jayayya a kan fatar da aka ɗaure a bakin ganga, mun bar maganar da ke fita daga bakin mai waƙa, alhali ita ce malamai ba su yi saɓani a kanta ba, ita ce kuma take yi wa Zamfara ɓarna a yau.

An haifi Musa a Bakura wajen shekarar 1909, ya tashi a ƙasar Maradun, a gidan da kiɗa yake gado. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, kakansa ma haka. Masu tarihinsa sun ruwaito cewa akwai wani yaron mahaifinsa mai zaƙin murya da ake kira Ƙwairo, da aka ji muryar Musa ta ɗauko tasa sai aka riƙa ce masa Ɗanƙwairo, sunan kuma ya bi shi har ya rufe na yanka. Da kiɗan noma ya fara, wato kiɗan da ake yi wa manoma a bakin kunya ranar gayya domin kasala ta sake su. Bayan rasuwar mahaifinsu ragamar ƙungiyar ta koma hannun wansa Abdu Kurna, shi kuwa Musa ya zama mataimakinsa, ya daɗe yana karɓi kafin ya tsaya da ƙafarsa. Sunansa ya game Arewa ne a zamanin Jamhuriya ta Farko, lokacin da ya shiga cikin makaɗan Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Da aka kashe Sardauna ranar 15 ga Janairun 1966, ya ci gaba da zagaya fadoji, daga Tsafe zuwa Daura zuwa Kano, har ƙarshen rayuwarsa.

Ba shi kaɗai wannan yanki ya haifa ba. Sa'idu Faru, wanda aka haifa a Faru ta ƙasar Maradun wajen 1932, shi ma da kotso ya yi suna, kuma kusan dukan ƙarfinsa a kan mutum ɗaya ya zuba shi, wato Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya riƙe ƙasar Talata Mafara tun yana ɗan sarki. Sa'idu ya rasu a 1987, shekara tara kafin ubangidan nasa ya hau gadon Sarkin Musulmi. Wani abin lura kuma, garin Faru yana cikin wuraren da tarihi ya ambata Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a cikin shekaru biyar da ya yi yana wa'azi a Zamfara. Ƙasar da ta saurari Mujaddadi ita ce ta haifi waɗannan makaɗa, kuma ɗan Bakura ne, Ahmad Sani Yarima, ya shelanta komawa ga shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoban 1999. Wanda duk ya ce lamarin kiɗa da addini a wannan yanki mai sauƙin yankewa ne, bai san yankin ba.

Saɓanin malamai a kan kayan kiɗa tsoho ne, kuma ya kamata ɗalibi ya san shi yadda yake. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan hani, in ban da tambarin da ake kira duffi a wajen aure da idi. Babbar hujjarsu hadisin Abu Malik al-Ash'ari ne da ke cikin Sahihul Bukhari, wanda ya ambaci wasu mutane da za su zo su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa. A ɗaya ɓangaren akwai Ibnu Hazmi na Andalus, wanda ya soki ingancin hadisan hanin, ko da yake manyan malaman hadisi sun mayar masa da martani a kan hadisin Bukhari. Akwai kuma Imamul Gazali, wanda ya ware babi guda a cikin Ihya'u, ya rataya hukuncin a kan abin da ake faɗa da halin mai sauraro da wurin da ake yi. Kowane ɓangare yana karanta hadisin Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, game da 'yan mata biyu da suke waƙa a ɗakinta ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ƙyale su. Wasu sun ce keɓancewa ce ta ranar idi, wasu sun ce asali ne da za a yi ƙiyasi a kansa.

Ko a gidan jihadi ma ba a zama baki ɗaya ba. Shehu ya lissafa kaɗe-kaɗen fada cikin al'adun sarakunan Haɓe da ya soka a Kitabul Farƙi, daga baya kuma, da jama'a ta kafu, ya sassauta a wasu rubuce-rubucensa, yana nuna cewa abin da malamai suka yi saɓani a kansa ba a tsananta wa talakawa a cikinsa. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya tsaya a kan matsayi mai tsauri. Duk da haka ba a ji ɗayansu ya fitar da ɗan'uwansa daga Sunna ba. Su kuma dukansu, har da Nana Asma'u, da waƙa suka isar da karatu ga mata da makiyaya da manoma, cikin Fulatanci da Hausa.

A wannan muhawara akwai sunan wani Bature da yake yawan fitowa a bakin masu wa'azinmu, kuma galibi rabin labarinsa ake bayarwa. An haife shi a Landan ranar 21 ga Yulin 1948, aka raɗa masa suna Steven Georgiou. Mahaifinsa Bagirke ne daga tsibirin Saifurus, mahaifiyarsa 'yar Suwidin, suna da gidan sayar da abinci a tsakiyar birnin. Bai cika shekara ashirin ba ya yi suna da laƙabin Cat Stevens, yana tsara waƙoƙinsa da kansa yana rerawa da jita. Tarin fuka ya kwantar da shi wata da watanni a ƙarshen shekarun 1960, kuma a wannan jinya ce ya fara tambayar kansa ina aka dosa. Da ya miƙe sai salon waƙarsa ya sauya, faifansa mai suna Tea for the Tillerman na 1970 da wanda ya biyo bayansa a 1971 suka sayu miliyoyi, ya zama ɗaya daga cikin mawaƙan da aka fi sauraro a Ingila da Amurka. Ya leƙa addinin Buda da wasu hanyoyi yana neman natsuwa. Ya sha ba da labarin ranar da igiyar teku ta kusa tafiya da shi a gaɓar Malibu, ya roƙi Allah Ya cece shi a kan zai yi masa hidima. Ba da daɗewa ba wansa ya kawo masa tsarabar fassarar Alƙur'ani daga tafiyar da ya yi zuwa birnin Ƙudus. Ranar 23 ga Disamban 1977 ya yi kalmar shahada a babban masallacin Landan, a shekarar da ta biyo ya ɗauki sunan Yusuf Islam, daga nan ya yi gwanjon kayan kiɗansa ya bar fagen.

A nan mai wa'azi yakan tsaya, a yi kabbara. Labarin kuwa da sauransa. Yusuf ya kafa makarantar firamare ta Islamia a Landan a 1983, ya yi ta fafutika har gwamnatin Birtaniya ta amince ta ɗauki nauyinta a 1998, tana cikin makarantun Musulmi na farko da suka sami wannan matsayi. Ya sa hannu wajen kafa ƙungiyar agaji ta Muslim Aid. A 1995 ya fitar da faifan tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sa'an nan waƙoƙin koyar da yara, da murya da ganga kawai. A 2006 kuma, bayan kusan shekara talatin, ya sake ɗaukar jita ya fitar da sabon faifai. Ya bayyana cewa tun farko ya bar kiɗa ne don gudun shubuha da kuma ƙyamar irin rayuwar da ke kewaye da sana'ar, daga baya da ya zurfafa karatu ya ga mas'alar ta saɓani ce. Malamai da dama sun ga ya yi kuskure, wasu sun ba shi uzuri. Masu son kiɗa a cikinmu su kuma daga 2006 suke fara labarin, kamar shekarun da ya yi yana gina makarantu ba su faru ba. Duka biyun rashin amana ne ga tarihi, kuma bai kamata ɗalibin ilimi ya koyi yanke labari daidai inda ya yi masa daɗi ba.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba mu taɓa jin an tsaya a kansa ba, shi ne kuma ya fi shafar mu. Yusuf Islam ya iya ajiye jita ne yana da abin da zai ci. A ƙasarsu, duk lokacin da aka sayar da faifai ko aka sa waƙa a rediyo, akwai kason da yake komawa ga wanda ya tsara ta, ko yana barci. Wannan kuɗi bai yanke ba bayan ya musulunta, da shi ya riƙe iyalinsa, da shi ya yi ayyukan alheri. Bai taɓa bukatar ya tsaya a ƙofar wani basarake ya wasa shi kafin a ɗora tukunya a gidansa ba.

Makaɗin kotso ba haka yake ba. Ɗanƙwairo yana da mataimaka da 'yan amshi da sanƙira, kowannensu da iyali a bayansa, kuma abincin wannan taro duka yana hannun wanda aka yi wa waƙa: doki, riga, hatsi, daga baya mota da kujerar Makka. An sa waƙoƙinsa a rediyo shekara da shekaru, an kwafe su a kaset an sayar a kowace kasuwa, yau ga su a intanet kowa yana ɗauka, alhali tsarin da zai mayar da wani abu ga mai waƙa ko magadansa bai taɓa tsayawa da ƙafarsa a wannan ƙasa ba. Wanda cinsa yake hannun mutum ɗaya, harshensa ma can yake karkata. Daga nan ne aibi biyu na waƙar fada suke tsirowa, kuma son da muke yi wa waɗannan bayin Allah ba zai sa mu ɓoye su ba. Na farko wuce iyaka a yabo, har a siffanta ɗan Adam da abin da bai kai ba. Na biyu zambo, inda ake ɗaukar abokin hamayyar ubangida, sau da yawa ɗan'uwansa na jini da suka nemi sarauta tare, a muzanta halittarsa ko a tona asirinsa, jama'a suna dariya, jikokinsa kuma su gaji abin kunyar.

A kan waɗannan biyu babu Ibnu Hazmi, babu Gazali, babu wanda ya sassauta. Suratul Hujurati ta hana izgili da jifa da munanan laƙubba da giba. Bukhari da Muslim sun ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata wa wanda ya cika yabon ɗan'uwansa a gabansa, ya kwatanta abin da yanke masa wuya. Muslim ya ruwaito yadda Miƙdad ya watsa wa wani mai yabon Sayyidina Usman tsakuwa a fuska saboda umarnin da ya ji daga Annabi. Ƙarshen Suratush Shu'ara'i ya zargi mawaƙan da suke faɗin abin da ba sa aikatawa, sa'an nan ya keɓe waɗanda suka yi imani suka yi aiki nagari suka yawaita ambaton Allah. Da wannan keɓewa ce Hassanu bin Sabit ya sami wurin tsayawa a masallacin Madina, Ka'abu bin Zuhairu ya sami mayafi. Ma'aunin a nan magana ce, ko da ganga ko babu. Mai yin zambo da murya zalla bai tsira ba don ya bar kotso a gida.

Littattafan adabin Larabci sun kawo wani labari da ya dace mahukuntanmu su sani. Mawaƙi Huɗai'a ya yi wa Zibriƙanu bin Badar zambo, aka kai ƙara gaban Sayyidina Umar. Umar ya kira Hassanu a matsayin masanin waƙa ya tabbatar cewa cin mutunci ne, ya tsare Huɗai'a. Da ya sake shi, sai mawaƙin ya koka cewa in ya bar zambo iyalinsa za su mutu da yunwa, aka ce Umar ya ba shi dirhami dubu uku ya sayi mutuncin Musulmi daga bakinsa. Ya hukunta, ya kuma dubi cikin da ya jawo laifin. Mu kuwa a jihohin shari'a mun fi ƙwarewa a rabin farko. An taƙaita kaɗe-kaɗe a wurare da dama bayan shekarar 2000, amma ba a ji wani shiri mai ɗorewa na sama wa gidajen da suka gaji roƙo wata hanyar ci ba. Sana'ar ba ta mutu ba, ubangida kawai ta sauya.

Wanda ya gaji fada shi ne ɗan siyasa. A kowane zaɓe ana zuba kuɗi a yi waƙar da za ta mai da ɗan takara waliyyi, abokin karawarsa kuma a yi masa tsirara, sa'an nan bayan shekara huɗu mawaƙin ya koma ɗaya ɓangaren ya juya kalmomin. Abin da ya fi wannan muni kowa a Zamfara ya san shi: waƙoƙin da ake yi wa shugabannin 'yan bindiga, ana kiran su gwaraza, ana lissafa garuruwan da suka gagara a hannunsu, ana yawo da su daga waya zuwa waya. Manomin Maradun ko Bakura da ya bar gonarsa saboda tsoro, ko ya biya haraji kafin ya girbe abin da ya shuka, yana iya jin ɗan maƙwabcinsa yana sauraron kirarin wanda ya kore shi. Abu Dawuda ya ruwaito hani a kan kiran munafuki shugaba, domin yin haka yana jawo fushin Ubangiji. To ina ga wanda ya zubar da jinin masu salla? Irin wannan waƙa ita ce take koya wa yaro ɗan shekara goma sha biyu cewa bindiga hanyar suna ce, kuma duk wanda ya tura ta gaba yana da kaso a cikin abin da ta haifar. A ganinmu uban da ya ƙwace wayar ɗansa saboda waƙar noma ta Ɗanƙwairo, bai kuwa taɓa bincika ko akwai kirarin ɗan ta'adda a ciki ba, ya kashe maciji bai sare kansa ba.

Wanda ya zaɓi barin sauraron kayan kiɗa baki ɗaya ya bi mafi yawan malamai, ya kuma nisanci shubuha, babu mai ikon yi masa gori ko kiran sa baƙauye. Wanda ya bi masu sassauci a kan abin da maganarsa mai tsabta ce, a yi masa nasiha da hujja in ana ganin ya yi kuskure, kada a kafirta shi. Amma dukansu biyu akwai aikin da ya hau kansu a gida, shi ne koya wa yara su saurari abin da ake faɗa su auna shi: wa ake yabo, da me aka yabe shi, gaskiya ne ko ƙarya, wa aka ci wa mutunci. Yaron da ya iya wannan zai iya rarrabe baitin da Ɗanƙwairo yake zuga manomi ya kama aiki, ko yake tuna wa sarki haƙuri da riƙon talakawa, da baitin da yake yi wa wani bawan Allah dariya. Zai kuma gane waƙar ɗan bindiga tun daga buɗewarta.

Saura maganar adanawa, wadda ba ta jiran a gama muhawara. Waƙoƙin Ɗanƙwairo da Kurna da Sa'idu Faru taska ce ta Hausar Zamfara, da salsalar gidajen sarauta, da sunayen garuruwa da mutanen da ba a rubuta su a ko'ina ba. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi aiki mai yawa wajen tattara tarihin makaɗa, amma abin da ya rage ya fi wanda aka tattara. Malamanmu na da ba su ƙona waƙoƙin Jahiliyya ba duk da abin da ke cikinsu na giya da alfahari, sun rubuta su, sun yi musu sharhi, suka fahimci Larabcin Alƙur'ani da su, har yau kuma ana karanta su a zaurukan Sakkwato da Kano da Zariya. Rubuta baitocin makaɗanmu da yi musu sharhi bai bukatar kowa ya buga ganga. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, akwai Jami'ar Tarayya a Gusau, akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga tsofaffin faya-fayai a gidajen rediyo irin su na Tarayya da ke Kaduna da Rediyon Rima. Ya kamata a kwafe su zuwa na'ura tun zaren bai ruɓe ba, a yi yarjejeniya da magada a kan haƙƙinsu, a kuma aika ɗalibai su zauna da sauran dattawan da suka yi amshi a bayan waɗannan makaɗa, domin su ne kaɗai suka san wa ake nufi da wane habaici, kuma a wace shekara aka yi wace waƙa.